Ceki huɗu da takardar gidan Kawu

A Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ni, amma a Gadarif na yi wayo, a nan kuma furfura ta same ni. Kakanmu yana cikin mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Makka suka nufa, Allah ya yi zamansu a bakin kogi kudu da Sinnar. Mahaifina ne ya bar noman bakin kogin ya taho Gadarif saboda riɗi, don duk wanda ya san garin nan ya san riɗi da dawa ne suke riƙe da shi.

Sana'ar Baba matsar mai ce, da abin da ake kira asara. Ƙaton turmi ne na gungumen itace da ake kafawa a ƙasa, da taɓarya mai nauyi a tsakiyarsa. A ɗaura wa raƙumi, a rufe masa ido, ya yi ta zagaye tun asuba. Aikina ina yaro shi ne bin bayan raƙumin da yayyafa wa riɗin ruwa idan Baba ya yi magana. Zubi ɗaya yakan ci awa uku, abin da za a kwasa kuwa ba ya cika jarka. Man yana da ƙamshi, har gobe tsofaffi shi suke nema, sai dai ban taɓa ganin wanda ya fitar daga talauci ba.

Bayan jinkirin raƙumi kuma ga shel. Ɗan kasuwa ne zai ba ka riɗi ko kuɗi a lokacin da hannunka ya bushe, ka biya shi da mai ko da amfanin gona a kan farashin da shi ya yanka tun farko. Shekara talatin Baba yana matsa, rabin guminsa yana tafiya shagon mutum ɗaya. Banki kuwa bai taɓa taka ƙofarsa ba. Da farko tsoron kuɗin ruwa ne, har aka buɗe Bankin Faisal na Musulunci a 1978, daga baya aka mayar da bankunan ƙasar kan tsarin Musulunci. Duk da haka bai je ba, saboda takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, mu kuwa namu bayan Burmi suka iso. Sai da Baba ya manyanta, doka ta sauya, sannan ya riƙe takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, a hannunsa. A lokacin ƙarfinsa ya riga ya ƙare.

Da ya rasu na gaji asara da raƙumi ɗaya. A 2008, ina da shekara arba'in, wani abokina mai injin niƙa ya ja ni zuwa wani banki a cikin gari. Lokacin ƙasa na da kuɗin fetur, dala ɗaya ba ta wuce jine (fam ɗin Sudan) biyu da 'yan kai ba. Na zauna gaban wani matashi mai kula da sashen zuba jari, na ce ina son rance in sayi injin matsar mai.

Ya ce, "Haj, mu ba ma miƙa wa mutum kuɗi a hannu. Ka kawo mana takardar farashin injin, mu saye shi ya zama namu, sannan mu sayar maka da ribar da muka faɗa maka tun yanzu, ka biya a hankali. Wannan shi ne murabaha."

Na ce, "Ustaz, riba fa ka ce?"

Bai faɗi haka ba, ni ne na fassara a zuciyata. Mu Hausawan nan muna rayuwa tsakanin harshe biyu: abin da muke ce wa riba, Balarabe ribhu yake cewa, kalmar riba kuwa a bakinsa kuɗin ruwa take nufi, wanda Allah ya haramta. Sai da na je wurin malaminmu ya warware mini. Ya ce ciniki halal ne matuƙar bankin ya mallaki kayan da gaske kafin ya sayar, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Wannan magana na ji ta da kunnena, na kuma gane ta. Ina faɗa ne don kada wani ya ce abin da na yi daga baya jahilci ne.

Saura jingina. Gidanmu a kan filin hiyaza yake, wato muna zaune ne kowa ya san namu ne amma ba shi da rajista, banki kuwa shahadat bahas yake so, takardar da ke nuna fili na da rajista da sunan mutum. A duk danginmu mutum ɗaya ne ke da ita, yayan mahaifiyata. Na yi kwana uku ina kai gwauro ina kai mari kafin na iya zuwa. Bayan sallar isha'i na durƙusa a gabansa.

"Kawu, na zo da magana mai nauyi."

Ya saurara har na gama. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar a cikin leda, ya ce, "Ɗan nan, ka san gidan nan ba ni kaɗai ba ne a ciki, akwai marayun ƙanena. Amma kai ɗan 'yar'uwata ne. Gobe mu je in sa hannu."

Injin matsa da injin gas mai juya shi da matata suka tashi jine 20,000, abin da mutane ke kira miliyan ashirin da tsohon lissafi. Na ba da 4,000 kafin alƙalami. Ragowar 16,000 bankin ya ɗora ribarsa 3,200 na shekara biyu, na sa hannu a ceki 24, kowanne na jine 800. Wakilin bankin da kansa ya je Khartum aka ɗora injin a mota da sunansu, sai da ya sauka Gadarif aka rubuta cinikina da su.

Ranar da injin ya fara aiki, abin da raƙumi ke yi a mako ya yi kafin la'asar. Kintari ɗaya na riɗi mai kyau, wato ratali ɗari a awon nauyi na nan, yana ba da ratali arba'in da 'yan kai na mai, ragowar tunkuza ce, wadda a nan ake kira umbaz, masu shanu da tumaki suna rububinta. Ina cika jarkoki masu ratali 36 ina kai wa masu shaguna, har Kasala da Madani ana aikowa. Na ɗauki yara huɗu aiki. Ceki 24 ɗin nan babu wanda ya kwana ba kuɗi a asusu. Duk wanda ya ce mini bashin banki ba ya ɗaga mutum, ni zan ce masa ya ɗaga ni, na gani da idona.

Amma inji ciki gare shi, kullum sai an ba shi. Wannan ne abin da ban lissafa ba. Riɗi a kaka yake araha, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da manoma ke rige-rigen yanka kafin ya fashe ya zube, suna neman kuɗin biyan leburori. A lokacin ne manyan 'yan kasuwa masu fitarwa waje suke cika sito a kasuwar amfanin gona. Ƙaramin mai matsa irina, wanda ke sayen na mako-mako, idan bazara ta yi a hannunsu zai saya da tsada, ya matse, ya sayar, ya duba ya ga wahalar kawai ya sha. Mai masana'anta yana bukatar kuɗin inji sau ɗaya, kuɗin kayan aiki kuwa duk shekara yake bukatarsa, kuma a kan lokaci.

Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da mafi yawan fetur, jine ya fara zubewa. A Oktoban 2012 na koma bankin na nemi murabahar riɗi ta jine 60,000, a kan jinginar gidan Kawu da ba a riga an warware ba. Na sake zuwa ya sake sa hannu, bai tambaye ni komai ba. Takarda ta tafi hedikwata a Khartum. Kaka ta zo ta wuce ina zarya. Sai a Fabrairun 2013 amincewa ta fito, riɗi ya riga ya bar hannun manoma.

A daidai wannan lokaci ciwon ƙoda ya kwantar da Inna, aka ce sai Khartum. Ga kuma bashin gas da na wani mai riɗi da ke bina. Da na yi abin da ya dace, da na je na ce wa bankin lokaci ya wuce, a bari sai kaka mai zuwa, in nemi kuɗin magani a wurin dangi. Sai wani dillali ya same ni a wurin mai shayi ya ce me zai hana in yi kasar.

Kasar karyarwa ce. Wani banki zai saya masa sukari ko siminti, ya fita ya karyar a kasuwa ƙasa da farashi don ya riƙe tsabar kuɗi. Wani kuma ko kayan babu: ɗan kasuwa zai rubuta takardar farashi, a nuna wa wakilin banki buhunan da ke cikin sitonsa, banki ya biya shi, shi kuma ya cire nasa ya miƙo maka sauran. Na biyun na yi. Na tsaya a bakin siton mutumin nan ana ƙirga buhunan da na san ba za su taɓa zuwa wurina ba, na sa hannu cewa na karɓa. Ya riƙe 6,000 ya ba ni 54,000. Banki kuma yana bina 67,200, ceki huɗu, kowanne 16,800, duk bayan wata uku.

Jinyar Inna ta ci 15,000, tsofaffin basussuka suka ci 9,000. Ragowar 30,000 na sayi riɗi da tsadar bazara. Ke nan da rabin jari zan biya cikakken bashi da ribarsa. Ko yaron da ke makarantar allo zai gane lissafin bai fita ba, amma na riƙa ce wa kaina man zai yi tsada da azumi.

Ceki na farko na biya a Mayu. Na biyu a Agusta sai da na ci bashin kasuwa na rufe shi. A Satumba gwamnati ta janye tallafin mai, aka yi zanga-zangar da ta faro daga Madani, kuɗin gas da na mota suka yi sama a dare ɗaya. Rana ba ta ƙarya. Ceki na uku ya shiga a Nuwamba ya dawo. Bankin ya kira ni sau biyu, na biyun ban ɗauka ba don kunya. A Disamba 'yan sanda suka zo wurin injin da safe, a gaban yaran da ke mini aiki da babban ɗana.

Wanda ba ya Sudan zai yi mamakin yadda bashi ke kai mutum kurkuku. Ceki ne ke kai shi. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mayar da ba da cekin da ba kuɗi laifi, kuma akwai kalmar da duk ɗan kasuwa a ƙasar nan ya haddace: yabƙa li hinis sadad, ya zauna har sai ya biya. A ciki na tarar da mutanen da na sani a kasuwa, masu shaguna da masu motoci. Wanda tabarmarsa ke kusa da tawa manomi ne da ya yi salam da banki, aka biya shi kuɗin dawa tun kafin shuka, damina ta yanke, ba dawa ba kuɗi. Shi bai yi ƙarya ba, bai karyar da komai ba, ruwa ne bai sauka ba. Kullum da dare yana karanta ayar Baƙara da ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Har yau ina ganin bai kamata a haɗa irinsa da irina a ɗaki ɗaya ba, kuma mutumin da aka kulle ba shi da hanyar nemo abin da ake cewa ya biya.

Uwargidana ta zo a mako na biyu. Na zaci kuka za ta yi. Ta ce, "Malam, injin bai tsaya ba." Ita da yaron suka yanke shawarar daina sayen riɗi, suka koma matsa wa mutane nasu. Mata da ƙananan 'yan kasuwa su kawo buhu ɗaya ko biyu, a matse musu, su biya ladan aiki ko su bar tunkuzar. Ba jari ake bukata ba sai gas. Shekara biyar ina da injin nan wannan dabara ba ta zo mini ba, don ina ganin ta yi mini ƙanƙanta. Ita ta ciyar da gidana wata huɗu.

Zuwan da ya fi yi mini nauyi na Kawu ne. Takarda ta je masa. Akwai dokar 1990 da ta ba bankuna damar sayar da abin da aka jinginar musu bayan sun ba da sanarwa, ba sai sun bi doguwar shari'a ba. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya zo da sandarsa ya zauna. Muka gaisa, ya tambayi lafiyata da abin da nake ci. Sannan ya ce, "Ɗan nan, abu ɗaya nake so in ji. Riɗin da aka ce banki ya saya maka, ina yake? In yana nan a sayar a rage."

Na daɗe ban ɗago ba. Na ce, "Kawu, babu riɗi. Ba a taɓa yin sa ba."

Na faɗa masa komai, har kuɗin jinyar Inna. Ya yi shiru. Ya ce, "Uwar taka ƙanwata ce tun kafin ta zama uwarka. Da ka zo ka ce ba ta da lafiya, da gonata ta bakin hanya na sayar, ba wanda zai ji." Bai ƙara ko kalma ba a kan maganar, daga ranar har ya koma ga Allah. Zaman kurkukun duka bai yi mini zafin wannan magana ba.

Shi ya tara mutane. Uwargidana ta sayar da zinarenta, abokan sana'a masu matsar mai suka yi karo-karo, Kawu ya sayar da shanu biyu. Aka haɗa kuɗin ceki na uku. Kawu da limamin unguwarmu suka je wurin manajan reshe suka nemi taswiya, wato sulhu, aka raba na huɗun zuwa wata goma sha huɗu. Gaskiya ɗaya zan faɗa wa bankin: ko jine ɗaya ba su ƙara a kan bashin ba saboda jinkiri, domin a murabaha farashin da aka yanka shi ne farashi. Da shel ne irin na zamanin Baba, da har yanzu ina biya. Na fito a Afrilun 2014. A tsakiyar 2015 na kai wa Kawu takardarsa a cikin ledar da ya ba ni ita. Ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, ya sa aka kawo mini shayi.

Na yi niyyar ni da banki har abada. A kakar 2016 wani ma'aikacin wani banki dabam, wanda ke sayen mai a wurina, ya ce in gwada musharaka. Na gaya masa tarihina duka tun kafin ya binciko. Tsarin shi ne ni in kawo rubu'in kuɗi, banki ya kawo sauran, mu sayi riɗi tare a kaka. Aka zuba a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a wurina ɗaya a wurinsu, ba a fitar da buhu sai an rubuta. Duk abin da na matse na sayar yana shiga asusun tarayya. Bayan wata shida aka yi lissafi, aka cire mini kason kula da aiki, sauran ribar aka raba gwargwadon jarin kowa. Da faɗuwa aka yi ba da sakacina ba, tare za mu ɗauka. A nan riɗin shi ne jingina, ba gidan kowa ba, kuma babu ƙofar kasar, tunda kayan na gaban kowa. A ganina wannan ne ya dace da mai masana'anta. Bankuna sun fi son murabaha don ba ta da wahala, a sa hannu a ceki a jira rana. Musharaka kuwa sai ma'aikaci ya fito daga ofis ya shiga ƙura ya ƙirga buhu, sai kuma an samu ɗan kasuwan da zai buɗe littafinsa da gaskiya.

Kaka biyu muka yi haka. A 2018 tsabar kuɗi ta ɓace daga bankuna, manomi ya ƙi karɓar ceki, riɗi ya zama yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na ceki. A Fabrairun 2021 aka karya jine daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuɗin da ke cika sito a da ya koma ba ya cika lungunsa. Na koma matsa wa mutane nasu, ina sayen ɗan abin da zan iya da kuɗina.

Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023. Hedikwatocin bankuna da manyan masana'antun mai na Khartum da Bahri suka tsaya, ciniki ya koma ta waya da Bankak, manhajar tura kuɗi. Gadarif ta cika da mutanen Khartum, sannan na Madani a Disamban shekarar. Ƙananan injina irin nawa suka koma aiki dare da rana don mutane na neman mai. Babban ɗana ne ke riƙe da wurin yanzu, yana maganar injin cika kwalabe, ya ce idan abubuwa sun lafa zai nemi murabaha. Na ce masa zan raka shi, kuma ni zan je in ga injin da idona ranar da za a ɗora shi a mota. Jingina kuma wurin injin ne, don na samu na yi masa rajista a 2019.

Kawu ya rasu kafin yaƙin. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, danginmu na Mai Wurno da ƙauyukan Sinnar suka taho, wasu a ƙafa, wasu a bayan tarakta. A gidansa suka sauka. Na ƙirga mutum talatin da ɗaya a daren farko, mata a ɗakuna, maza a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiyar da ya shuka. Da safe na aika musu jarkar mai da buhun dawa. Ɗaya daga cikin marayun da ya riƙa, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya fito da ledar nan daga akwati ya ce in ajiye masa a wurina, don gidan ya cika da yara kada ta ɓata. Na ce a'a, ya kai wa limam.